DARASIN KIMIYYA: Yadda Tauraron Ɗan Adam Yake Gadin Hadari Daga Sama

Darasinmu na wannan wata a kan hadari ne, da yadda ake hango mugunsa tun bai iso ba.

Kowane manomi ya san alamun hadari. Idan zafi ya tsananta, iska ta tsaya cik, gabas ta yi baƙi da la'asar, ba sai an gaya masa ba. Zai kwashe shanya, ya koro dabbobi gida. Amma idon mutum yana da iyaka. Wanda yake tsaye a gona ba ya ganin abin da yake haɗuwa a wata ƙasa mai nisa. Ko hadarin da ya zo kansa ma, gindinsa kawai yake gani. To, alhali a can ƙololuwar hadari ne alamun muguntarsa suke fara bayyana. Shi ya sa masana yanayi suka nemi idon da zai kalli hadari ta sama. Wannan ido shi ne tauraron ɗan Adam.

Za mu ɗauki misalanmu daga ƙasar Amurka, domin can ne aka fi fama da wata irin muguwar guguwa, can ne kuma aka fara wannan aiki. Daga baya za mu dawo gida mu ga abin da ya shafe mu.

MECE CE GUGUWAR HADARI?

Mun saba da guguwar rani, wadda take tasowa a fili da rana tsaka, ta murɗa ƙura da ganyaye, ta yi ɗan lokaci ta mutu. Zafin ƙasa ne yake haifar da ita, ko da babu girgije a sama. Guguwar da muke magana a kanta daban take. Ita a jikin hadari take, kamar mazurari ko wata igiya mai kauri, kanta a cikin girgije, ƙafarta a ƙasa, tana juyawa da matsanancin gudu. Turawa suna ce mata tonado. A wannan darasi za mu riƙa kiranta guguwar hadari.

Babbarta tana tuge bishiya, ta ɗaga mota ta jefar, ta share gida har tushe. A ranar 3 ga Mayu 1999, kusa da birnin Okalahoma, an auna iskar wata guguwa aka tarar tana gudun kimanin kilomita 480 a sa'a ɗaya. Motar da take gudun kilomita 120 ai ta yi gudu ƙwarai, amma wannan iska ta ninka ta huɗu. A 2013 kuma, a wannan jiha dai, kusa da garin El Reno, an yi wadda faɗinta ya wuce kilomita 4.

Wani masani ɗan asalin Japan mai suna Ted Fujita, wanda ya koyar a jami'ar Cikago, shi ne ya tsara ma'aunin ƙarfin wannan guguwa a 1971. Ana duba irin ɓarnar da ta yi, a ba ta lamba daga 0 zuwa 5. An yi wa ma'aunin gyara a 2007. Mai lamba 5 ita ce wadda iskarta ta wuce kilomita 320 a sa'a.

Amurka tana samun guguwar hadari kimanin 1,200 a kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Dalilin shi ne iska iri uku da suke gamuwa a tsakiyar ƙasar. Daga kudu, iska mai ɗumi da laima tana tasowa daga tekun Meksiko. Daga yamma, busasshiyar iska tana gangarowa daga duwatsu da hamada. Daga arewa, iska mai sanyi tana zuwa daga Kanada. Tsakiyar ƙasar kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe, babu dutsen da zai raba su. A watannin Afrilu da Mayu da Yuni suka fi yin wannan karo.

Akwai kuma abin da yake sa hadarin ya yi juyi. Iskar da take kusa da ƙasa tana kaɗawa daga kudu, wadda take can sama kuma tana kaɗawa daga yamma da ƙarfi. Iskar da take tsakaninsu sai ta murɗe, kamar yadda ake murza igiya tsakanin tafin hannu biyu. Idan iska mai ɗumi ta yunƙura za ta hau sama, sai ta miƙar da wannan murɗaɗɗiyar iska tsaye. Daga nan hadarin gaba ɗaya sai ya kama juyawa. Irin wannan hadari mai juyi shi ne yake haifar da manyan guguwoyi.

Wani lokaci kuma guguwar takan yi gayya. A yini guda sai a sami hadari mai juyi barkatai a jihohi da dama, kowanne yana sauke guguwa, wata na mutuwa wata na tashi.

Kafin a sami kayan aikin zamani, guguwa ba ta sallama. A ranar 18 ga Maris 1925, wata ta ratsa jihohin Mizuri da Ilinoi da Indiyana, ta kashe mutum 695. Babu wanda aka gargaɗa. A wancan zamani hukumar yanayi ta ƙasar ba ta yarda a ambaci sunan guguwar a cikin hasashe ba, wai don kada a tsorata jama'a.

TAURARON DA BA YA GUSAWA

Tauraron ɗan Adam na'ura ce da mutane suka ƙera, aka ɗora ta a kan roka, aka harba ta sararin sama ta riƙa zagaya duniya. Tana ɗauke da kyamarori. Hasken rana ne yake ba ta wuta. Hotunan da ta ɗauka kuwa tana aiko da su ƙasa ta iska, kamar yadda maganar gidan rediyo take iso mu.

Tauraron farko da ya yi nasarar ɗauko hotunan gizagizai shi ne TIROS-1, wanda Amurka ta harba ranar 1 ga Afrilu 1960. Ya yi aiki na kwana 78. Matsalarsa ita ce kusa da ƙasa yake shawagi, yana wucewa da sauri. In ya ɗauki hoton wuri yanzu, sai bayan sa'o'i da yawa zai sake bi ta wurin. Hadari kuwa cikin sa'a guda yana iya haɗuwa ya yi ɓarna.

Maganin wannan shi ne a kai tauraron can nesa, kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, daidai saman layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa. Wannan nisa ya kai a yi tafiyar Kano zuwa Legas sau 30 da 'yan kai. A wannan wuri tauraron yana gama zagaye ɗaya a yini da kwana, daidai da yadda duniya take juyawa. Idan mahaya biyu suna sukuwa kafaɗa da kafaɗa, kowannensu zai ga ɗan'uwansa kamar a tsaye yake. Haka tauraron yake da duniya. Kullum yana saman wuri ɗaya, yana kallon kusan kashi ɗaya cikin uku na doron ƙasa, dare da rana.

Taurarin Amurka masu irin wannan gadi ana kiransu GOES. An harba na farko a watan Oktoba 1975. A lokacin, hoto ɗaya ake samu duk rabin sa'a. A watan Nuwamba 2016 aka harba GOES-16, wanda ya buɗe sabon zamani. Shi da ƙannensa suna ɗaukar hoton duk ɓangaren duniyar da suke kallo kowane minti 10, hoton Amurka kowane minti 5. Idan kuma wani yanki ya shiga haɗari, sai a mai da ido a kansa, a riƙa ɗaukar hotonsa kowane minti ɗaya, ko ma kowace daƙiƙa 30. In aka jera waɗannan hotuna, sai a ga hadari yana tafasa kamar a majigi. Tun watan Afrilu 2025, GOES-19 ne ya karɓi gadin gabashin ƙasar, GOES-18 kuma yana gadin yamma.

IDANU HUƊU

Kyamarar waɗannan taurari tana kallo ta hanyoyi 16, amma za mu iya tattara aikin a idanu huɗu.

Na farko shi ne idon rana. Shi yana gani kamar yadda idonmu yake gani. Girgije mai kauri yana fitowa fari fat, ƙasa da teku suna fitowa da duhu. Yana nuna siffar girgije da inuwarsa sosai, amma da rana ta faɗi ya makance.

Na biyu shi ne idon zafi. Ko a cikin duhu, in ka kai hannu kusa da tukunya za ka san ko tana da zafi. Haka wannan ido yake jin zafi ko sanyin duk abin da yake ƙarƙashinsa, dare da rana. Amfaninsa a nan yake: duk yadda aka ƙara hawa sama, sanyi yana ƙaruwa, kimanin digiri 6 a kowane kilomita. Shi ya sa garin Jos, da yake kan tudu, ya fi maƙwabtansa sanyi. Saboda haka girgijen da kansa ya fi sanyi shi ne ya fi tsawo, wanda ya fi tsawo kuwa shi ne ya fi ƙarfi. Babban hadari yana kai tsawon kilomita 15 ko fiye, sanyin kansa ya kai digiri 60 zuwa 80 ƙasa da sifili. Kwamfuta tana shafa wa hoton launi, kowane mataki na sanyi da launinsa, domin ma'aikaci ya gane mugun wuri da kallo ɗaya.

Na uku shi ne idon tururi. Yana nuna inda iskar sama take da laima da inda ta bushe, ko da babu girgije. Da shi ake bin sawun manyan igiyoyin iska na can sama, waɗanda suke tayar da hadari.

Na huɗu shi ne idon walƙiya, wanda aka fara sa wa GOES-16. Yana ɗaukar hoto sau 500 a daƙiƙa ɗaya, yana ƙirga walƙiya, har da wadda take yi a cikin girgije ba ta sauko ƙasa ba.

ALAMOMIN DA AKE DUBAWA

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Hadarin da zai yi muni ma yana da alamomi, kuma ga manyansu.

Alama ta farko tana bayyana tun hadari bai haɗu ba. Da hantsi, idon rana yana nuna ƙananan gizagizai sun yi layi kamar kunya a gona. Wannan layi shi ne iyakar da iska mai laima ta haɗu da busasshiya, ko inda iskar sanyin da hadarin jiya ya bari ta tsaya. A kan irin wannan iyaka sabon hadari ya fi tasowa. Idan aka ga wasu daga cikin gizagizan sun fara kumbura, idon zafi kuma ya nuna kansu yana ƙara sanyi da sauri, to an san wurin da za a zuba wa ido.

Alama ta biyu ita ce faɗin kai. Girgijen hadari yana hawa har ya kai wani mataki na sararin sama inda iska ba ta barinsa ya ƙara gaba cikin sauƙi, kamar ya taɓo rufin ɗaki. Daga nan sai kansa ya baje, ya yi faɗi kamar uwar maƙera. Saurin bajewarsa yana nuna ƙarfin iskar da take tura shi daga ƙasa.

Alama ta uku ita ce tozo. A cikin mugun hadari, iskar da take hawa sama tana iya wuce gudun kilomita 150 a sa'a. Saboda wannan ƙarfi sai ta huda rufin nan, ta yi wani tudu a saman shimfiɗaɗɗen kan girgijen, kamar tozon sa. Da yamma, idon rana yana ganin tozon da inuwarsa. Idon zafi kuma yana ganinsa a matsayin ɗan wurin da ya fi ko'ina sanyi. Tozon da ya fito ya koma nan da nan bai cika ba da tsoro ba. Amma wanda ya yi girma, ya daɗe, ko yake ta sake fitowa, alama ce ta ƙanƙara manya, ko iska mai rushe gida, ko guguwa. Fujita da kansa ya shiga jirgin sama ya bi kan hadari yana ɗaukar hoton irin wannan tozo, domin ya gwada da hotunan tauraro.

Alama ta huɗu tana biyo bayan tozo. Iskar sama mai ƙarfi in ta zo ta tarar da tozo, sai ta rabu biyu ta kewaye shi, kamar yadda ruwan kogi yake kewaye dutse. A hoton idon zafi sai a ga wani zane mai sanyi kamar bakin kibiya, tozon yana a tsininsa. Wani lokaci kuma a ga wani siririn girgije yana fita daga tozon yana bin iska, kamar hayaƙin gidan burodi. A 2018 masu bincike na hukumar NASA sun bayyana cewa wannan hayaƙi yakan bayyana kimanin rabin sa'a kafin ɓarna ta auku a ƙasa.

Alama ta biyar ita ce tashin walƙiya. Idan yawan walƙiyar da ake ƙirgawa a cikin hadari ya yi tsalle farat ɗaya, to hadarin yana ƙara ƙarfi, kuma sau da yawa ɓarna tana biyo baya cikin mintuna.

ABIN DA TAURARO BA YA GANI

A nan sai mu lura da kyau. Tauraron ɗan Adam ba ya ganin guguwar ita kanta. Guguwa a ƙarƙashin girgije take, shi kuwa tauraro saman girgije yake kallo. Wanda ya hau bishiya yana ganin jinkar ɗaki, amma ba ya ganin wanda yake zaune a ciki. Bugu da ƙari, mafi yawan hadari mai juyi ba ya sauke guguwa, ko da ya nuna tozo.

Saboda haka akwai mataimaka biyu. Na farko ita ce na'urar rada, wadda ake kafawa a ƙasa. Tana aika wani irin saƙo cikin hadari, saƙon ya bugi ɗigon ruwa ya dawo. Da haka take gane yawan ruwan, da inda iska ta nufa a cikin girgije, har ta ga juyin da yake haifar da guguwa. Amurka tana da irin wannan na'ura kimanin 160. Sai dai ganinta yana raguwa da nisa, kuma sai ruwa ya fara haɗuwa a girgije take ganin wani abu. Tauraro yana riga ta ganin farkon hadari.

Mataimaki na biyu shi ne mutum. Akwai dubban 'yan sa kai da hukumar yanayi ta horar, manoma da malaman makaranta da 'yan kwana-kwana. In sun ga guguwa ta taɓa ƙasa, sai su buga waya su faɗi wurin da inda ta dosa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tauraro yana cewa a sa ido a wuri kaza. Rada tana cewa hadarin yana juyi. Mutum yana cewa ga ta nan ta sauka. Daga nan sai a busa jiniya a gari, a katse shirin rediyo da talabijin, a aika saƙo a wayoyin hannu. Jama'a su ruga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko ɗakin da ya fi zama a tsakiyar gida, nesa da taga. Wannan gargaɗi na ƙarshe yawanci ba ya wuce minti 15 kafin guguwa ta iso, amma minti 15 ya isa uwa ta tattara 'ya'yanta.

RANAKUN DA AMURKA BA TA MANTAWA

A ranakun 3 da 4 ga Afrilu 1974, guguwa 148 ta sauka a jihohi 13 da wani yanki na Kanada. Fiye da mutum 300 suka mutu, garin Zeniya na jihar Ohayo ya yi kaca-kaca. A lokacin akwai wani tauraron gwaji mai suna ATS-3, wanda ya ɗauki hotunan wannan hadari, amma rada ta wancan zamani ba ta iya ganin juyin iska. Fujita da ɗalibansa suka bi sawun guguwoyin ɗaya bayan ɗaya, suka zana taswirarsu. Wannan masifa ta sa gwamnati ta ƙara himma wajen inganta hanyoyin gargaɗi.

Bayan shekara 37 aka sake yin wadda ta fi ta yawa. Daga 25 zuwa 28 ga Afrilu 2011, guguwa kimanin 360 ta sauka a kudanci da gabashin ƙasar. Fiye da 200 daga ciki a rana ɗaya suka sauka, wato 27 ga wata, huɗu kuma masu lamba 5 ne.

A wannan karo masana sun hango abin tun da sauran kwanaki. Cibiyar hasashen hadari da take garin Noman, a jihar Okalahoma, ta yi ta jan kunnen jama'a. Da asubar ranar 27 wani layin hadari ya ratsa jihar Alabama ya wuce. Tauraron GOES-13 ya nuna yadda sama ta washe a bayansa, rana ta fito ta gasa ƙasa mai laima. Mai kallo daga ƙofar gida zai ce an tsira. Masu kallon hoton tauraro kuwa sun san wannan rana da ta fito wuta take hurawa. Da azahar sai sababbin gizagizai suka fara kumbura a jihar Misisifi, suka baje kai, suka fitar da tozo, suka nufi gabas. Da yamma ɗaya daga cikinsu ya sauke guguwa a birnin Tuskalusa, ta bi har gefen Bamingam, ta kashe fiye da mutum 60.

An ba da gargaɗi a kan kari, duk da haka fiye da mutum 300 suka rasu a waɗannan kwanaki. Me ya sa? Na ɗaya, hadarin asuba ya riga ya katse wutar lantarki a wurare da yawa, saboda haka wasu ba su ji sanarwa ba. Na biyu, gidaje da dama ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma gidajen marasa tushe ne, guguwa ta ɗauke su da mutanen ciki. Darasin da aka koya shi ne, ganin hadari daga sama rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne labari ya kai kunnen mutum, kuma mutumin ya sami wurin fakewa.

A daren 10 ga Disamba 2021 kuma, hadari guda ɗaya mai juyi ya ratsa jihohi 4 cikin duhu. Wata guguwa da ya sauke ta yi tafiyar fiye da kilomita 260, ta rushe garin Mefil na jihar Kentaki, ta kashe mutum 57. Guguwar dare ta fi ta rana kisa, domin mutane suna barci kuma ido ba ya ganinta. A irin wannan dare, idon zafi da idon walƙiya da rada su ne 'yan gadi.

TO, MU FA A NAN?

Mu ma akwai tauraron da yake kallonmu. Sunansa Meteosat, na ƙasashen Turai ne, kuma an harba na farkonsa a 1977. Mazauninsa yana saman teku, kudu da ƙasar Gana, saboda haka Afirka ce a tsakiyar hotonsa. Sabon samfurinsa, wanda aka harba a watan Disamba 2022, yana ɗaukar hotonmu kowane minti 10, kuma yana da idon walƙiya.

Guguwar hadari irin ta Amurka ba ta cika aukuwa a Afirka ta Yamma ba. Namu hadarin layi yake yi, dogo, wani lokaci tsawon ɗaruruwan kilomita. Yakan haɗu da yamma a kan tuddai, kamar tudun Jos, da duwatsun Azbin, da na Kamaru, da na Darfur, sa'an nan ya nufo yamma da gudun kimanin kilomita 50 a sa'a. Shi ya sa muke ganin hadari daga gabas. A gabansa akwai iska mai ƙarfi da ƙura, ita ce take yaye kwano, ta karya bishiya, ta kifar da kwalekwale, musamman a farkon damina. Kuma irin wannan hadari ne yake kawo mafi yawan ruwan da muke noma da shi. Tunda tafiya yake yi, tauraro yana iya ganinsa sa'o'i kafin ya iso. Hadarin da yake nisan kilomita 200 gabas da garinku zai iya isowa cikin sa'a 4.

Hotunan da aka tara sun nuna wani abu kuma. A 2017 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin Christopher Taylor na ƙasar Ingila, suka duba hotunan Meteosat na shekara 35. Suka tarar yawan hadari mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka uku tun daga 1982. Wannan yana nufin ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci, da ambaliya.

Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, da takwararta ta Nijar, da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da suke birnin Yamai, duk suna aiki da waɗannan hotuna. Daga cikinsu ne ake fitar da hasashen da muke ji a rediyo.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. A riƙa sauraron hasashen yanayi a rediyo, wanda ya ji kuma ya gaya wa maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

2. Tun da bazara a duba rufin ɗaki da na rumbu, a ƙara ƙusa, a ɗaure jinka, a sare busasshen reshen da ya rataya a kan gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

3. In an ga hadari ya taso, kada a shiga kwalekwale, wanda yake kan ruwa kuma ya nemi gaɓa.

4. Kada a fake ƙarƙashin bishiyar da take ita kaɗai a fili, kada kuma a tara dabbobi a gindinta. A nemi ginin kirki a shiga.

5. In iska ta taso, a shigar da yara ɗaki. Kwanon da iska ta yaye yana yanka kamar wuƙa.

6. A dakata minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma gona.

KALMOMIN LURA

Hadari: baƙin girgije mai ruwa da iska da tsawa.
Haɗari: abin da zai iya cutarwa. A lura da lanƙwasar harafin ɗ, ita ce ta raba kalmomin biyu.
Hasashe: faɗin abin da ake tsammani bisa alamomi.
Rada: na'urar ƙasa mai leƙa cikin hadari.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin guguwar rani da guguwar hadari?
2. Me ya sa tauraron GOES yake zama kamar a tsaye wuri ɗaya?
3. Yaya idon zafi yake gane girgije mai tsawo?
4. Mene ne tozon hadari, kuma me yake nunawa?
5. Me ya sa mutane da yawa suka rasu a 2011 duk da an ba da gargaɗi?
6. Hadari yana nisan kilomita 150 gabas da garinku, yana gudun kilomita 50 a sa'a. Sa'a nawa ta rage ya iso?

AIKIN YI

In kana cikin ɗaki ana hadari, da ka ga walƙiya sai ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa 3. In ka ƙirga 9, walƙiyar tana nisan kilomita 3. In ƙirgan yana raguwa, hadarin yana matsowa. Har ila yau, ka sami takarda ka rubuta abin da rediyo ya yi hasashe kowace rana har mako biyu, a gefe kuma ka rubuta abin da ya auku a garinku, sa'an nan ku gwada da na abokanka.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.